Jarkar Takin da Na Rufe Gam

Akwai ranar Juma'ar da ba zan taɓa iya mantawa da ita ba, kuma ko na so mantawa, mutanen unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan ba za su bar ni ba.

Lokacin ne takin zamani ya yi tsadar da ko kallonsa ba ma yi a kasuwa. Ɗan lambun kuɓewa da lalon da ke bayan gidana, wanda shi ke riƙe mana miya idan aikin yankan riɗi ya ƙare, ya yi fari fat kamar mai jinya. Na maƙwabcina Haruna kuwa kore shar. Haruna yaƙi ne ya koro shi daga yankin Jazira da iyalinsa, bai zo da komai ba sai hannunsa na noma.

Matata Hawwa ta ce, "Abu Musa, ka je ka tambaye shi mana."

Ni? Ni da na tsufa a gonakin Gadambaliya, in je baƙo ya koya mini noma? Allah ya kiyaye. Sai na bi hanyar masu mutunci: na laɓe a bayan danga. Na ji yana gaya wa wasu cewa kashin kaji yake haɗawa da na shanu da ganyen nim, wato darbejiya, ya zuba ruwa a jarka ya bar shi ya ruɓe. Nan na bar wurin, tunda na gama karatu. (Ashe malamin bai kai rabi ba.)

Na haɗa nawa, na ɗaure murfin gam don kada ƙarfin ya tsere, na ajiye a inda rana ta fi duka. Bayan kwanaki jarka ta kumbura ta yi tumbi. Hawwa ta ce abin bai yi mata ba. Na bayyana mata cewa albarka ce ke taruwa a ciki.

Da na ga haka, sai na gayyaci manoman unguwa bayan sallar Juma'a su zo su ga "sabon binciken da na yi". Suka zazzauna ana shan jabana, wato gahawa, har da Haruna da limaminmu. Na tsaya a tsakiya cikin farar jallabiyata ta Idi, na yi dogon jawabi a kan dogaro da kai. Da aka jawo jarkar, Haruna ya miƙe.

"Ya Hajj, haka ka rufe ta tun farko?"

"Sirrin ke nan," na ce, na murɗa murfin.

Ban ga inda murfin ya faɗa ba. Abin da na sani kawai, bincikena ya fito gaba ɗaya ya same ni daga rawani har takalmi, wani ya shiga bakina domin ban gama magana ba. Limaminmu ma ya samu rabonsa a gemu. Nan take ƙudaje suka iso gaisuwa.

Haruna ya toshe hanci ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri. Murfin a sake ake barinsa, ana juyawa kullum. Kuma sai an sirka da ruwa mai yawa, in ba haka ba ya ƙona shuka. Ai ranar na ga ƙafarka a ƙarƙashin danga, har na ɗaga murya don ka ji, sai na ga ka tafi."

Washegari shi ya shigo da sandar juyawa, muka sake haɗawa tare. Ya ga yadda nake tona ƙananan ramuka don tare ruwan sama a baƙar ƙasarmu, ya tambaya a gaban kowa ba kunya, na nuna masa. Kuɓewa ta farfaɗo, jallabiya ce dai ba ta farfaɗo ba. Liman kuma har yau idan na shiga sahun gaba sai ya ɗan matsa.

Abin da na koya shi ne tambaya kyauta ake yin ta, sabulu kuwa ya yi tsada a garin nan.