Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Babban Yatsana

Jama'a, ku yi mini barka da arziki. Ranar Talatar nan saura ƙiris ci gaba ya aika ni lahira, a cikin asibiti, a kan benci, ma'aikata suna kallo.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne, kuma mai ciwon sukari. Mun daɗe muna zaman haƙuri da shi. Duk wata nakan je ƙaramin asibitin unguwarmu a gwada jinina a ba ni magani, kuma dokar gwajin ita ce ka zo da cikinka wayam, ba ci ba sha.

Kada a ce ni maƙiyin zamani ne. Na sha wuyar takarda. Fayil ɗina ya taɓa ɓata, da aka gano shi kuma gara ta cinye rabinsa, har likita ya koma yana tambayata launin ƙwayar da nake sha. Don haka da aka ce za a zuba bayanan masu sukari a kwamfuta, kowane likita ya danna ya ga tarihinka, ni na fi kowa murna. Har wurin bikin buɗewa na je. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya iso da jerin motoci, aka kafa rumfuna, aka girke janareta ya kai girman shagona. Ya danna maɓalli ɗaya, muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Da ya tashi tafiya, janaretan ma ya hau mota ya bi shi. Ashe rakiya ya zo.

To, ranar Talata na yi sammako tare da maƙwabcina mai guga, shi ma ɗan ƙungiyar sukari ne. Tantama muke ce masa, don ko ka ce masa gari ya waye sai ya leƙa waje.

"Ka zuba wani abu a cikinka," in ji shi. "Ni ban yarda da akwatin nan ba."

Na ce, "Haba Tantama, yanzu fa aikin ƙiftawar ido ne." Ƙwayata ma na riga na haɗiye da asuba bisa sabo, na ƙudura kafin hantsi ina gaban shayina.

Muka tarar da layi har bakin ƙofa. Mai ba da kati, wanda yanzu aka ɗaga shi zuwa Jami'in Bayanai ba tare da an ɗaga albashinsa ba, yana zaune ya zuba wa allo ido kamar mai jiran ganin wata. Babu netwok. Da netwok ya zo, wuta ta tafi. Da wuta ta dawo, kwamfuta ta ce a dakata tana sabunta kanta. Mu da muka tsufa a layin babu mai sabunta mu.

Rana ta take tsaka kafin layi ya zo kaina. Jami'in Bayanai ya turo mini wata 'yar na'ura mai jan haske.

"Baba, ɗora babban yatsa."

Na ɗora. Ta yi ƙara ta ƙi.

"Goge shi a riga."

Na goge. Ta ƙi.

"Ɗan hura masa iska."

Na hura masa kamar mai fifita kunun jariri. Ta ƙi. Muka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Ina laifin na'ura? Yatsun da suka ƙare a goge katako, ga allurar gwaji tana huda su shekara da shekaru, wane zane ya rage a jikinsu?

Ya ce, "Baba, gaskiya babu kai."

Na ce, "Ɗana, ga ni kuwa a gabanka."

"A nan kana nan. A ciki ne babu kai."

"To nemo ni da sunana mana."

"Wannan sai da lambar sirri ta manya. Tana hannun wanda aka tura horo."

"Kira shi."

Ya rage murya. "Ba a nan yake aiki ba. Ƙanin matar oga ne, yana sashen kula da motoci. Horon a otel aka yi, da alawus."

Tantama ya yi gyaran murya a bayana, irin ta wanda magana ta faɗo a gonarsa.

Na ce a ɗauko tsohon fayil ɗina, ko rabin da gara ta bari. Jami'in ya ce an kwashe fayiloli kaf an kai hedkwata tun ranar biki, kuma an yi musu kashedi cewa asibitin nan ya rabu da biro har abada.

A nan ne jikina ya fara ba ni labari. Gumi mai sanyi ya keto mini, na ga Jami'in Bayanai ya zama biyu, kuma duk su biyun ba su gan ni a ciki ba. Magani a ciki, abinci babu, sukari ya yi ƙasa. Na ji muryar Tantama daga nesa yana cewa, "Sista! Sista! Mutumin nan zai tafi!" Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Allah ya saka wa nas ɗin da ta amsa kiran nan da alheri. An ce tsalle ɗaya ta yi ta tsallake benci, ta gwada ni a tsaye, da na ɗan farfaɗo ta tallafe kaina ta ɗura mini lemon kwalba. Ba ta nemi yatsa ba. Da na buɗe ido sosai ta ƙara mini wata kwalbar, Tantama kuma ya cusa mini alawa yana faɗa yana hawaye.

Ina kwance, hannuna sharkaf da gumi da danƙon lemo, sai Jami'in Bayanai ya lallaɓo da na'urarsa ya kama yatsana ya danna.

"Ta karɓa! Wallahi ta karɓa! A yi masa gwajin wata kafin netwok ya gudu!"

Aka huda ni. Mutumin da ya shanye kwalba biyu da alawa, me kuke tsammani? Lamba ta haura sama kamar farashin fetur. Kuma gidan da kwamfuta ta buɗe shi ne na gwajin wanda bai karya ba, nan lambar ta shige ta zauna daram.

Likita, matashi mai hankali, ya gani ya dafe kai. Ya danna nan ya danna can, abu ya ƙi goguwa. Ya ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Duk asibitin da ka je, wannan lambar za su gani. Kada ka yarda kowa ya ƙara maka magani a kanta, in ba haka ba faɗuwar gaba ba lalle ka tashi ba." Kun ji fa. An sayo kwamfuta don ta tuna wa likita abin da na manta, yanzu ni ne zan riƙa bin likitoci ina ƙaryata ta.

Na ɗauka wahalar ta ƙare, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ina isa gida na tarar da uwargida a bakin ƙofa, waya a hannu. Lambar wayarta na bayar ranar rajista, sakamakon gwajin ya riga ni isa gida. A duk tsarin nan, sashen tura saƙo ne kaɗai yake aiki ba fashi.

"Maigida, me ka sha?"

"Suma na yi, aka ba ni lemo."

"Suma. A asibiti. Likitoci suka ba mai sukari lemo kwalba biyu." Ta gyaɗa kai. "Shekara nawa ina dafa maka abinci lami, ashe kana can kana shagali. Ga shi an rubuto, an ce iyali su sa maka ido."

Na ce a kira Tantama ya ba da shaida. Ta ce ai abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma kwamfuta ba ta da dalilin yi mini ƙage. Kafin magariba gwangwanin madara ya ɓace, burodi ya zama tarihi, ta kuma taka har wurin mai shayin kusa da shagona ta ja masa kunne. Yanzu in na doso, mutumin nan sai ya juya baya ya hau wanke kofin da ya riga ya wanke.

Duk da haka ina jinjina wa manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da kwangila. Ba ƙaramin hangen nesa ba ne a sayi doki a manta da ciyawa. Abin nan da an ba shi wuta, an horar da masu zama a gabansa, da ya ceci ƙafafu da idanun mutane da yawa a layin nan. Amma wa zai kafa rumfa don an sayi batir?

Jiya na koma neman a gyara lambar. Likita ya ce ya tura buƙata sama, sai Mai Girma Babban Mai Sa Hannu ya amince. Na ce yaushe? Ya ce ba ya nan, ya tafi ƙasar waje duba nasa sukarin. Jami'in Bayanai ya raɗa mini cewa kafin ya tashi sai da ya sa aka rubuta masa tarihin ciwonsa a takarda, da biro, ya ninke ya sa a aljihu. Don gudun tsautsayi.