Ni da Kyamarar Yaya a Bikin Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hadiza ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba. A gidanmu na Cadakori aka yi shi, bayan an gama girbin hatsi, kowa cikinsa cike, fuskarsa a sake. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata lakol, wato makaranta, ta Gidan Rumji ba. Ana kirana Madam, ni ko ina jin kaina kamar minista.

Yayanmu Sanusi, wanda ke aiki a Yamai, ya zo da wata baƙar kyamara, 'yar ƙarama da za ta shiga aljihu, amma maɓallanta sun fi na rediyon Baba yawa. Tunda namiji ba zai kutsa cikin mata yana haska su ba, aka ce ni zan ɗauki hotunan cikin gida.

"Kin ga ɗan faifan nan na sama?" in ji Yaya. "Ki bar shi a kan koren tambarin nan. Ki saita, ki danna, ita za ta yi sauran aikin."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce wadda ba ta yi karatu ba?"

Ana gobe biki, da rana, na zauna gindin iccen bedi na fara bincike. A kan koren, kyamarar ba ta barin mutum ya taɓa komai, kamar an ba shi mota an hana shi sitiyari. Na murza faifan. Ga P, ga A, ga S, ga M, ga hoton fure, ga na wani mutum yana gudu. Na ce M ai *mariage* ke nan, wato aure, an yi shi don rana irin ta gobe. Ina kaiwa kansa allon ya yi baƙi ƙirin, na yi maza na janye. Sai na dawo kan P, na yanke wa kaina hukunci cewa *professionnel* ke nan, wato na ƙwararru. (Ba haka ba ne. Ban tambayi kowa ba.)

A kan P ɗin nan sai ga jerin zaɓi ya buɗe, shafi bayan shafi, duk da Faransanci. Nan fa na ga gonata. Na kashe ƙarar da take yi in an danna, don ƙwararru ba sa ƙara. Na kashe nuna hoto bayan an ɗauka, don batir ya jima. Sai na ga wata alama mai kamar agogo, na ce wannan shi zai buga lokaci a jikin kowane hoto, jikokin Hadiza su san ranar. Na kunna shi, na yi wa kaina jinjina.

Ranar biki na sha ɗaurin kallabi, kyamara a wuya. In jera mutane, in danna, in sauke hannu, in ce, "An gama, na gaba!" Rana ta yi ƙarfi, ba a ganin allon sosai, ni ma ban damu in duba ba. Tanti Mariya, ƙanwar Innarmu, ta ce, "Madam, wata jar wuta fa tana ta ƙiftawa a gaban abin nan."

Na ce, "Alamar tana aiki ke nan, Tanti. Ki dai yi murmushi."

Babban aikin shi ne Kaka. Daga Sae Sabuwa ta zo a amalanken jaki, don ta ce babur na mahaukata ne. Tsohuwar nan ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin ɗan ƙasa sai da aka yi da gaske. Hadiza ta durƙusa gabanta ta ce, "Kaka, garin Tawa za a kai ni. In na yi kewarki, mi zan duba?" Kaka ta gyara zanenta ta zauna a kan turmi ta ce, "Sau ɗaya. Ke 'yar lakol, yi sauri kafin in sake shawara." Na danna. Ta tashi ta tafi abinta.

Bayan la'asar, ni da bakina na ce a jona kyamarar da talabijin ɗin Kawu Isa mai aiki da hasken rana, kowa ya ga kansa. Ɗaki ya cika har ƙofa, ƙawayen amarya, gwaggonnin ango, har da masu leƙe ta taga. Na zauna a gaba, na harɗe ƙafa.

Hoton farko, ƙasa ce da bakin tabarma. Na ce gwaji ne. Na biyu, takalmina. Na uku, ƙafafun wata mata da rabin bokiti. Na huɗu, wutsiyar akuya. Yaya, wanda ke riƙe da kyamarar, ya ci gaba da dannawa. Ya juya kyamarar ya duba, sai ya rufe baki da hannu.

"Wa ya kunna jinkiri?" in ji shi.

Ashe agogon nan ba lokaci yake bugawa ba. Na mai son ya ɗauki kansa ne: ya danna, ya ruga ya shiga layi, sannan ta ɗauka. Wato duk yinin nan, sai na sauke hannu na kama gabana, sannan baiwar Allah take yin aikinta a kan duk abin da ta tarar.

Hadiza ta ce a hankali, "To, na Kaka fa?"

Yaya ya danna. Ban gaya muku ba, bayan na ɗauki Kaka na juyo kyamarar don in ga ko idonta ya yi datti. To, ga shi nan ya cika talabijin: ƙofofin hancina biyu, kamar bakin rijiya, idanuna sun karkace, na turo leɓe, ga ganyen zogale maƙale a haƙorina na gaba.

Kaka ta matso, ta ƙura ido, ta ce, "Wanga ni ce? Lalle na tsufa."

Ɗakin ya fashe. Tanti Mariya ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Na ja kallabi na rufe fuska, na roƙi Allah ya sa a ɗauke wuta, na manta ta rana ce. Da na leƙo, sai na ga Kaka tana dariya har da hawaye, Hadiza ta rungume ta. Yaya ya zare kyamarar daga talabijin, ya mayar da faifan kan kore, ya danna. Ƙyas ɗaya. Hoton nan ne Hadiza ta tafi da shi Tawa.

Daga nan abin ya koma wasa. Aka ce a mayar da sauran daga farko, mata suka shiga gasar gane ƙafafu. "Wannan faso na Gwaggo ne!" "Ƙarya kike, nawa bai kai haka ba!" Ƙunshin amarya kuwa ya fito tsaf, fure fure, har mai lallen ta ce a wanko mata ta riƙa nuna wa mutane. Washegari da safe kowa ya sake saka kayansa, aka sake hotuna, ni ina riƙe wa mutane jakunkuna.

Kaka ta sa aka wanko mata hoton nan nawa a Maradi, babba, ta rataye a ɗakinta. Duk baƙon da ya shiga sai ta nuna ta ce, "Ga jikata mai ilimi."

Yanzu in aka ba ni sabuwar na'ura, kaji nake fara gwada ta a kansu, a bayan gida, ni kaɗai. Su ko sun ga abin kunya, ba su da dangi a Tawa da za su kai wa labari.