Furannin Araha a Bikin Nana

Da aka ce walimar Nana, ɗiyar yayata, a bakin ruwa za a yi ta, kan rairayin tafkin da ke bayan Vaulx-en-Velin, kusa da birnin Lyon na Faransa, ni na fara cewa a bar mini furanni. Ai duk Lyon ba wadda ta kai ni sanin araha.

Farkon Nuwamba ne. A kasuwa na tarar da wasu furanni cikin tukwane, farare da rawaya, an karya farashinsu kamar kyauta. Na yi hamdala na ce a loda. Mai sayarwa ta sassauta murya ta yi mini sannu. Na ce a raina, baiwar Allah ta san wahalar biki.

Na jera su kan rairayi, sahu biyu, har kujerar amarya. Dangin ango, Faransawa, suka iso suna dariya, suna ganin furannin sai dariya ta ɗauke. Wani dattijo ya cire hula. Kakar ango ta rungume ni tana hawaye, wai ta gode da na tuna da marigayi mijinta.

Nana ta ja ni gefe. “Tanti, waɗannan fa kan kabari ake ajiye su!”

Mu a Damagaram addu'a muke kai wa mamaci, ina zan sani?

Aka ci aka sha, tsohuwa ta kwashe tukwanen tana sa mini albarka. Amma har yau in na ɗau mayafi zan fita biki, sai maigidana ya leƙo: “Hajiya, murna za ki ko ta'aziyya? In san addu'ar da zan yi.”