Ni da Makina Ɗari Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Laraba ce, a gaban ɗalibaina da shugabar makaranta, aka sauke mini girman kan da na yi wata shida ina kiwatawa.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Kibiya, kullum ina zuwa daga Rano a kan babur. Na sayi sabuwar waya, sai na tarar da wasan ces a ciki, darar Turawan nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Da farko kwamfutar wayar ta yi ta lallasa ni ba tausayi. Daga baya sai na ga ina cinye ta kullum. A saman allon kuma ga makina: 400.

To ni fa malamin makaranta ne. A wurina ɗari huɗu shi ne ƙarshen maki, kamar a jarrabawar shiga jami'a. (Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da na ƙure maleji?) Har a majalisarmu ta bakin kasuwa sai da na sanar cewa na gama da injin Bature.

Labari ya kai kunnen Hajiya, shugabarmu. Da aka aiko takardar gasar ces ta makarantu a Kano, ta ce, "Malam, ai kai ne gwanin. Zaɓo mana yarinya ɗaya."

Na shiga aji na ce duk mai so ta faɗi makinta. Wata siririyar yarinya daga Unguwar Gai, Hauwa'u, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Ta ce a wayar yayanta take bugawa idan ya dawo daga kiwo, kuma makinta dubu ɗaya da ɗari biyu ne.

Na yi dariya har da buga tebur. "Ke Hauwa'u, ki ji tsoron Allah! Abin da ƙarshensa ɗari huɗu ne? Maƙaryaciya ba za ta wakilce mu ba."

Aji ya ɗauki shewa. Idonta ya ciko da hawaye, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam, don Allah a gwada ni. In ka ci ni, na yarda ƙarya nake."

Ashe Hajiya tana jin mu ta taga. Ta sa aka ɗauko allon katakon da aka aiko tare da takardar. Na zauna ina gyara hula, har da cewa zan cire doki ɗaya don tausayi. (Allah ya rufa mini asiri, ta ƙi.)

Kafin in ankara sarauniyata ta tafi. Babban yatsana ya fara lalube a gefen allo, yana neman maɓallin nan na komawa baya da na saba dannawa a waya. Ina! Katako ba shi da shi. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga. Minti goma ba a yi ba, sarkina ya rasa wurin gudu.

Hauwa'u ta rage murya ta ce, "Malam, ba laifinka ba ne. Ita wayar auna mutum take yi. In ta ga yana shan kaye, sai ta yi ta rage ƙarfi har ta zo daidai da shi. Ɗari huɗu na 'yan koyo ne. Manyan gwanaye sun haura dubu biyu."

Wato wata shida injin yana lallaɓa ni, kamar yadda uba ke faɗuwa da gangan in ɗansa ya kama shi da kokawa.

Hajiya ta ce, "Malam, akwai sauran magana."

Na gane. Wallahi kayen bai kai wannan nauyi ba. Na miƙe na ce, "Hauwa'u, na kira ki maƙaryaciya alhali ni ne ban sani ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Malam," ta ce. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ita ta je Kano, ta dawo da lamba ta uku. Ni na riƙe mata jaka. Daga nan ta zama malamata duk Laraba bayan an tashi.

Yanzu in na ga ina kayar da wani cikin sauƙi, sai na tambayi kaina: iyawa ce, ko tausayina ake ji? Sau ɗaya tak na taɓa cin Hauwa'u, satin da za ta gama makaranta. Har yau ban yi gangancin tambayarta ba.