Rasuwar Ɗan Bakin Gada, Wanda "Ba Laifi" Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba a yi niyyar ɓoyewa ba, ake sanar da 'yan Ƙungiyar Masu Lofe ta garin Askerby rasuwar Ɗan Bakin Gada, haɗin tabar da ya fi kowane daɗewa a kantin Mista Wilfred Garside. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinku. Kun ga ciwonsa tun farko, kun ji shi a harshenku, sai kuka kawar da kai kuka dubi taga kuna zancen ruwan sama. Ke da kike karanta sanarwar nan a allon ƙungiya, da kai da kake leƙowa ta bayan kafaɗarta, da ku ake.

An haifi marigayin a hannun kakan Mista Garside, cikin babban tulun tangaran mai ruwan ƙasa da ke saman kanta, kuma bai taɓa kwana a wani wuri ba. Al'adar gidan ita ce ba a barin tulun ya ƙare. In ya yi ƙasa, sai a zuba sabon haɗi a kan ragowar tsohon a cuɗa da hannu, don sabo ya koyi hali wurin na da. Saboda haka duk wanda ya taɓa cika lofensa daga tulun nan ya sha wani abu daga zamanin kakan.

Marigayin mai natsuwa ne. Ganyen tabar Bajiniya ta Amurka ne gindinsa, mai zaƙi-zaƙi irin na ciyawar da aka shanya. A kansa akwai ƙananan ganyen Gabas daga tuddan Girka, masu ɗan tsami da ƙamshin kayan yaji. Sai Latakiya, baƙin ganyen nan da ake turarawa da hayaƙin itace wata da watanni, mai ƙamshin murhu bayan an yi ruwa da na tsohuwar fatar sirdi. Bai taɓa barin ɗaya daga cikinsu ya danne ɗan'uwansa ba. Ba ya cizon harshe, ba ya mutuwa a tsakiyar hira, kuma in ya gama sai ya bar farar toka mai laushi. Maganarsa kaɗan ce. Murfin tulunsa yakan ce "ƙwal" in an buɗe, shi kuma in ashana ta taɓa shi yakan ce "tsss" sau ɗaya ya yi shiru.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa ya fara ba. A hancin mai shi ya fara. Wani hunturu Mista Garside ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani, ya tashi lafiya, amma ya daina jin ƙamshin komai, daga burodin da ya ƙone har furen matarsa. Mutum ne da ba ya ɓoye-ɓoye. Ranar Juma'ar farko da ya dawo kanti, da 'yan ƙungiya suka taru kamar kullum, ya tsaya bayan kanta ya ce, "Hancina ya yi ritaya bai nemi izini ba. Hannuna na nan, idona na nan. Ku ara mini naku hancin, shi ke nan abin da nake roƙo."

Dakta Hesketh, shugaban ƙungiya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Wilf, da hanci irin nawa ai ko gari guda sai ya wadatar." Aka yi dariya, aka sha shayi.

Ba a daɗe ba dillalin da ke kawo masa ganye ya ji labari. Ya fara aiko da wani baƙin ganye mai arha da aka fesa wa ruwan ƙamshin hayaƙi, yana kiransa Latakiya. A ido ba bambanci. Mista Garside ya murza shi a tafin hannu, ya ji danshinsa daidai, ya zuba a tulu. Ranar Juma'a ya cika wa kowa lofe da hannunsa, ya tsaya yana kallon fuskokinku yadda uba ke kallon likita.

"Yaya, Dakta?"

"Ba laifi, Wilf."

"Misis Orme, ke ba kya ƙarya, kin shekara talatin kina dukan yara a kanta."

Tsohuwar shugabar makarantar ta fesar da hayaƙi, ta yi tari, ta ce, "Yana da ban sha'awa ƙwarai. Ka ga yadda hadarin nan ya haɗo?"

Abin da kuka sha ran nan warin kwalta ne da ɗacin ƙonanniyar roba, kuma kun sani. Ga abin da ya fi zafi. A wannan mako sai kowa ya dawo kanti shi kaɗai, a lokacin da ya tabbata ba zai haɗu da wani ba, ya ce a tono masa daga can ƙasan tulu, inda tsohon haɗi yake bai gauraya ba tukuna. Kuka kwashe kuka kai gida, kuka ɗura a tsofaffin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi, kuka ɓoye bayan littattafai. Mista Garside ya ga tulu na yin ƙasa da sauri fiye da kowane lokaci, ya koma gida ya gaya wa matarsa cewa sabon ganyen ya karɓu. Ya sa aka ƙaro. Da hannunku kuka cire jinin marigayin, da bakinku kuka sa aka cika shi da guba, kuna kiran abin da kuka yi ladabi.

Wanda ya faɗi gaskiya baƙo ne, wani direban babbar mota ɗan Glasgow da ya tsaya sayen ashana aka ba shi ɗanɗano. Ya ja sau biyu, ya ƙwanƙwasa lofensa a dugadugin takalmi, ya ce, "Baba, wa ya tsane ka haka? Ai tayar motata ta fi wannan daɗi."

Juma'ar da ta biyo Mista Garside bai cika wa kowa lofe ba. Ya jira kowa ya zauna, ya ce, "Dakta, tun yaushe?"

"Wilf, ba mu so mu ɓata maka rai ne. Ga halin da kake ciki."

"Na gode. Wanda ke cin wuta a lofenka yanzu fa, daga ina? Ba daga ƙasan tulu ba?"

Dakta Hesketh ya dubi taga. Ran nan ko hadari babu. Mista Garside ya mayar da murfin tulun, murfin ya ce "ƙwal", kuma wannan ce kalmar marigayin ta ƙarshe.

Ya rasu ya bar 'yan'uwa a kan kanta, ko da yake babu mai maye gurbinsa. Akwai ƙanensa Safiyar Makiyayi, mai yawan Bajiniya da ɗan ɗigon Latakiya, yaron kirki mai tafiya da shayin safe, amma kafin ka kai rabin lofe ya gama faɗin duk abin da ya sani. Akwai ɗan baffansa Ɗan Balkan, wanda ganyen Gabas ya yi wa yawa, mai ƙamshin turare da tsamin baki, mai kaifin basira, sai dai yana busar da maƙogwaro kuma ba ya haƙuri da mai saurin ja. Akwai yayansu Mai Gadin Hasumiya, baƙi ƙirin, da ganyen taba na Ferik mai yajin barkono a ciki, wanda in ka sha shi ba ka ci abinci ba sai ɗaki ya juya da kai. Shi da Safiyar Makiyayi dukansu sun kamu da ciwon da ya kashe ɗan'uwansu, don buhu ɗaya aka ɗiba musu. Akwai kuma wani mai ƙamshin alewar ceri a ƙarshen kanta da ke cewa shi ma dangi ne. Iyalan ba su tabbatar ba.

Sakataren ƙungiya, wanda ke Leeds wajen karatu duk tsawon jinyar, ya ziyarci Mista Garside don ta'aziyya. Ya same shi yana goge sikeli. Dattijon bai zagi dillali ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, "Shi ai ɗan kasuwa ne, yaro. Su kuwa na ɗauka abokai ne."

Ga tsarin jana'iza. Ranar Asabar da hantsi, a kantin bakin gada, Mista Garside zai juye abin da ke cikin tulun a kwandon shara, ya wanke shi a karon farko tun zamanin kakansa, ya ba matarsa ta shuka fure a ciki. Daga nan ba zai sake haɗa taba ba. Sharaɗi ɗaya ya yarda zai sa ya fasa, kuma da ƙyar aka samo shi daga bakinsa. In tsohon haɗi ya dawo har ya rufe gindin tulun, zai zuba shi ya zama iri. Ganye daga wasu dillalai zai kasance a kan kanta, kuma yana son a sami ko mutum ɗaya da zai sha, ya dube shi ido da ido, ya ce, "Wilf, wannan ba daɗi."

Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar katin ta'aziyya mai kalmomi masu taushi, su ne suka kawo mu nan. Dakta Hesketh, matarka ta ce kwalabenka suna bayan littattafan likitanci. Misis Orme, naki suna cikin akwatin kiɗanki na fiyano. Sauran ku kun san inda kuka ajiye. Ku ɗauko su duka, ba rabi ba, ku zo da hancin da kuka yi alkawarin arawa. Duk wanda aka tambaya ya ce "ba laifi", za a miƙa masa hularsa a buɗe masa ƙofa.