Kujerar Yaron da Na Sa Aka Ajiye wa Tobi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗora mini nemo wa Tobi wurin cin abinci ba.

Lokacin korona ne, ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune da iyalina a unguwar Pantai Dalam. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Lim, dattijuwa ce mai tsanani, kuma wata da watanni ba na ganin ta sai a fuskar kwamfuta. Amma ba ma rabuwa ba ta ambaci Tobi ba. Tobi ya hana ta barci, Tobi ya ƙi cin abinci, an kai Tobi rigakafi, Tobi ya cika shekara uku. Na ɗauka jikanta ne. Ni kuwa da nake neman ta sa hannu a babina na uku kafin tallafin karatuna ya ƙare, kullum sai na tambayi lafiyarsa. (Har shawara na taɓa ba ta, ta riƙa ba shi zuma da safe. Ta ce za ta tambayi likitansa.)

Da aka sassauta kulle, ta ce ranar Asabar za ta fita da mu ɗalibanta mu miƙe ƙafa a wani tsauni da ke kusa. "Kai za ka nemo mana inda za mu ci abincin rana," in ji ta. "Amma fa wurin da za su karɓi Tobi." Ta ƙara wata kalma da intanet ɗina ya haɗiye rabinta. Na ce an gama.

Na garzaya wurin wata mai abinci 'yar Malay da ke gefen masallacin unguwarmu, wadda kowa ke kira Mak Cik, wato kamar ka ce Inna. Na ce mata muna da babbar baƙuwa da ɗan jikanta mai tsirfar cin abinci. Ta ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala, za ta ajiye masa kujerar yara, ta soya masa ƙwai babu yaji. A gida kuma matata ta ce, "Baban Amira, ai ba a zuwa wurin yaro hannu biyu." Ta naɗe mini wata 'yar hula da muka zo da ita daga Kano.

Ranar Asabar Farfesa ta tsayar da mota a gindin tsaunin, ta buɗe ƙofar baya. Sai ga wani ƙaton kare ya diro, ya dafa ƙirjina da ƙafafu biyu. Na daskare, amma duk da haka ina leƙen cikin motar ina jiran yaro ya fito. Na buɗe baki zan tambaya ke nan, ta daka tsawa, "Tobi, zauna!"

Karen ya zauna.

Ban san yadda na hau tsaunin nan ba. Kowa na yabon bishiyoyi, ni ina baya da takunkumin fuska jiƙe da gumi, ina rungume da jaka. Na jawo Nura, ɗan'uwana ɗalibi ɗan Zariya, na raɗa masa abin da ke ciki. Sai da ya dafa bishiya don dariya. "Malam, ai inda ake shiga da kare a garin nan mashaya ce," in ji shi. "Can bayan gari, inda Turawa ke zuwa."

Haka ni, da ke jan sallah a ɗakin karatu, na shiga buga wa mashaya waya. Ta farko suka ce sun cika, don an rage tebura. Ta biyu suka ce ƙananan karnuka kaɗai. Ta uku wata mata ta ce, "An yi rigakafi?" Na ce an yi mini sau biyu. Ta ce karen take nufi. Na ce shi ma an yi masa. Ta ce to ku fa? Na ce ai na faɗa miki. Kafin mu gane wa ake tambaya, waya ta yanke.

Muna saukowa Farfesa ta ce yunwa take ji. "Ai ka ce ka kama wuri. Mu je." Wurin Mak Cik kaɗai gare ni. Na shiga gaba kamar mai raka kansa kotu.

Mun isa daidai an fito daga sallar azahar. Mak Cik na bakin ƙofa da abin gwada zafin jiki, a bayanta ga kujerar yara har da balan-balan. Ta ƙirga mu da ido, ta ce, "Ina yaron?"

Farfesa ta dubi kujerar, ta dubi Tobi da ke zaro harshe. Na sa hannu a jaka in ciro waya, ko na sami abin kallo, sai hular ta faɗo. Farfesa ta ɗauka ta jujjuya.

"Wannan fa ta waye?"

"Ta Tobi ce, Farfesa."

Mak Cik ce ta fara ganewa. Ta ja da baya tana salati, sannan dariya ta ƙwace mata har ta zauna. Farfesa kuwa ba ta yi dariya ba, wanda ya fi komai ciwo. Cewa ta yi, "Duk watannin nan, da wa kake tsammani muke magana?"

Ƙarshenta a leda aka ƙulle mana abincin, muka ci a tsaye a gindin wata bishiya, nesa da masallaci. Tobi ya cinye ƙwansa babu yaji. Babina kuwa Farfesa ta sa hannu bayan ta sa na sake karanta duk littattafan da na ambata, wai don ta tabbata na gane a kan wa suke magana.

Tun daga ranar, duk wanda aka ce in gaishe shi ban taɓa ganin sa ba, sai na fara tambayar ƙafafunsa nawa.