Malam Arzika da Gimbiyar Mandera

"Ni littahi ba karanta shi nika yi ba, sunsuna shi nika yi," in ji Malam Arzika, yana kaɗa cokali cikin kofin shayi a bakin tashar Bodinga. "Shafi guda ya ishe ni. In na ga yadda marubuci yab buɗe baki, na san abin da zai haɗiye. Jigo, salo, zubi da tsari, dut in zazzage maka su kamar gyaɗa daga buhu. Daga nan har Sakkwato babu matarki irina."

Abokina, in ba ka san Malam Arzika ba, bari in gabatar maka da shi. Malamin Hausa ne a wata sakandare ta Bodinga, gajere mai tumbi, da tabarau wanda ba gani yake ƙara masa ba, kwarjini ne. A kwaleji ya yi darasin tarken adabi, wato fannin da ake koya wa ɗalibi ya zauna da rubutu ya feɗe shi, ya gano abin da aka ce, da yadda aka ce shi, da hujjar da za ta tsaya masa. Abokan karatunsa sun fito da iya karatu da iya rubutu. Shi kuwa ya kwaso manyan kalmomi ya baro sauran a can. Da bakinsa ya naɗa kansa Sarkin Tarke. 'Yan tasha kuma, in ya ba da baya, Malam Shafi-Ɗaya suke ce masa.

Ana nan sai gayyata ta zo masa daga Shagari. Wata malamar Hausa a can, Malama Rukayya, ta shirya ranar adabi a makarantarsu. Ita shekara guda ta yi tana sa ɗalibanta su tarke rubutun junansu, kowa ya faɗi ra'ayinsa amma ya nuna layin da ya dogara da shi. Yanzu tana son baƙon masani ya yi sharhi a kan labarin da ya fi kyau, wanda wata ɗaliba mai suna Nana Fatima ta rubuta, ta sa masa suna Gimbiya. Abin da ya fi jan hankalin Arzika shi ne jin cewa Alhaji Yahaya, wani babban jami'in ilimi daga Sakkwato, zai halarta, kuma yana neman wanda zai jagoranci horar da malaman Hausa na Bodinga da Shagari baki ɗaya. Tun kafin ranar ta zo Arzika ya ɗinka babbar riga, ya kuma gaya wa matarsa Mairo ta fara koyon amsa gaisuwar manya.

Labarin kuwa an aiko masa tun da wuri. Ya ɗauki shafin farko ya karanta:

"Duk Mandera babu mai idon Gimbiya. Kamar an zizara mata kwalli tun ranar haihuwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta ɗaga murya har 'yan bayan gari sai sun san ta tashi. Kunnenta kullum a tsaye yake, ba abin da ke wuce ta. Baba Nuhu ba ya fita kasuwa sai da ita, kuma samarin gari sun san ba a bin ta ta baya."

Arzika ya ajiye takardun, ya yi murmushin masana. "Soyayya ta," ya ce wa Mairo. "Ɗiyar tsoho, kyakkyawa, mai kamun kai. Na gama."

To ni bari in raɗa maka abin da ke shafi na biyu, tunda shi bai leƙa ba. A layin farko Baba Nuhu ya ɗora wa Gimbiya mangala cike da albasa. Gimbiya jaka ce.

Ranar taro da safe wani ɗan tsoro ya taɓa Sarkin Tarke, ya ce bari dai ya duba sauran a mota. Motar kuwa buhunan albasa sun fi fasinja yawa, tagar da ya zauna kusa da ita babu gilashi. Ya zaro takardun ke nan direba ya taka wuta, iska ta fizge su, suka yi fiffike suka nufi gonakin gero. Shafin farko kaɗai ya tsira, don shi ya naɗe yana fifita da shi.

"Malam, a tsaya?" in ji direba.

"Wuce. Abin da ke cikinsu yana cikin kaina."

Da ya isa Shagari sai ya sake dabara. Ya ja Malama Rukayya gefe, ya rage murya.

"Malama, ke mi kig gani a matsayin jigo? Ina son in auna fahimtarki."

"Allah shi gafarta Malam, ni in sa baki gaban Sarkin Tarke? Kada in gurɓata maka tunani. Mu dai saurare munka zo yi."

Ta wuce ta bar shi yana gyara tabarau.

Zauren ya cika. Ga ɗalibai, ga malamai, ga iyaye daga ƙauyuka, ga Alhaji Yahaya a kujerar gaba. Arzika ya hau mumbari ya baza riga kamar zabo zai tashi. Ya yi ta zuba: wannan labari madubin 'ya mace ne, Gimbiya tauraruwa ce mai kunya da tarbiyya, irin matar da kowane namiji mai hankali ke addu'ar samu. Ya ce muryarta da ake ji har bayan gari muryar gaskiya ce. Ya ce da 'yan matan zamani za su yi koyi da ita, da an huta.

Ɗalibai suka fara duban juna. 'Yan mata suka ja hijabi suka toshe baki. Arzika ya ɗauka kalmominsa ne ke ratsa su, ya ƙara wuta.

Da aka ba da damar tambaya, wata ɗaliba mai suna Khadija ta miƙe.

"Malam, mi za ka ce game da wurin da Baba Nuhu yad ɗaure ta ga turke?"

Gaban Arzika ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. "Alamtarwa ke nan, ɗiyata. Turke alama ta. Al'ada ta ad ɗaure mace."

"To wurin da tac ci dusa fa?"

"Talauci. Marubuciya na nuna halin da talaka ke ciki."

Wani ɗalibi dogo, Sani, ya ɗaga hannu. "Malam, da tay yi birgima cikin toka tsakiyar kasuwa?"

"Zafin ƙauna, yaro. Ba ka kai nan ba tukuna."

"Da tah harbi mai awon albasa?"

"Harbin ido na. Kallo guda, ya faɗi."

"Amma Malam, an ce haƙoransa na gaba sun zube."

"Kambamar zulaƙe," in ji Arzika, yana share gumi da hannun sabuwar riga. "Ƙarin gishiri na marubuta. Wa ke koya muku adabi, ba ku san wannan ba?"

Nan Alhaji Yahaya ya yi gyaran murya. Mutum ne mai magana a hankali.

"Malam Arzika, yaran ga duk tambayar da sunka yi, sun nuna inda sunka samo ta. Kai ina hujjarka cewa labarin soyayya na? Nuna muna layi guda."

Ka san mutum irin Arzika, in rami ya kai masa wuya ba fita yake nema ba, cebur yake nema. Ya dubi shafinsa guda, wanda gumi ya riga ya jiƙa, bai ga mafita ba. Sai ya tsallake labarin gaba ɗaya.

"Ranka shi daɗe, hujjata ta wuce takarda. Wagga Gimbiya ba ƙirƙira ba ta. Na san ta. Lokacin ina saurayi na sha zuwa Mandera, har zance na tai wurinta. Ta so ni ƙwarai. Iyayenta ne sunka tsaya sai mai mota."

Malama Rukayya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Alhaji Yahaya ya juya wajen ɗalibai.

"Ina marubuciyar? Taso ki warware muna."

Nana Fatima ta miƙe, 'yar siririya.

"Ranka shi daɗe, da farko cewa niy yi, muna da wata jaka. Da munka tarke shi cikin aji, sai 'yan'uwana sunka ce wanga buɗi ba ya jan mai karatu. Malama ta koya muna mutuntarwa, wato a ba dabba siffar mutum. Shi na nis sake rubutawa, nib ɓoye ta har shafi na biyu. Amma na bar sawu: kunne a tsaye, murya har bayan gari, ba a bin ta ta baya. Ban ambaci hannu ba, ban ambaci zane ba." Ta dubi Malam Arzika. "'Yan ajinmu dai tun shafin farko sunka gane."

Abokina, dariyar da aka yi a zauren nan, na tabbata an ji ta har ƙauyen Horo Birni. Wani malamin lissafi ya zame daga benci. Iyaye mata suna dafa juna. Shugaban makaranta ya yi ƙoƙarin tsawatarwa, dariya ta ƙwace masa a tsakiyar tsawa.

Arzika ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, gwada su nika yi. Dabara ta ta koyarwa."

Ba wanda ya ji shi. Alhaji Yahaya ya riga ya juya wajen Malama Rukayya yana ce mata ta shirya, ita za ta jagoranci horon, kuma ta taho da waɗannan yara su nuna wa malamai yadda ake karatu. Sannan ya ƙara da cewa a ajiye wa Malam Arzika kujera a sahun gaba, cikin masu koyo.

Sarkin Tarke ya tattara rigarsa ya nufi ƙofa, yana tafiyar wanda ya tuna da wani aiki na gaggawa. Ya kusa tsira ke nan sai wani tsoho mai farin gemu ya tare shi da sanda. Baba Nuhu ne da kansa, kakan Nana Fatima, wanda ya zo daga Mandera ganin jikarsa. Kunnensa ya yi nauyi, don haka in zai yi magana duk duniya yake yi wa.

"Ɗana, kai na kac ce ka tai zance wurin Gimbiya?"

"Baba, a bar maganar."

"Ni dai ban tuna ka ba, kuma ban ce sai mai mota ba. Tana nan bakin makaranta ga turke, in kana son ku gaisa. Sai dai in hwaɗa maka gaskiya, wani jaki na Horo Birni ya riga ka. Kuma shi munka ba, don shi in an aza mai kaya, shina kai su har ƙarshe."